Unguwar Ƙananan Gidaje ta Haɗin Gwiwa: Tambayoyi da Amsoshi

Lissafin da ke cikin waɗannan amsoshi an gina shi ne a kan misalin gidaje 40 a fili mai faɗin hekta ɗaya, kowane gida da mutum shida. Wanda nasa ya fi haka ko ya gaza sai ya gyara alƙaluman.

Mece ce unguwar ƙananan gidaje, kuma me ya raba ta da rukunin gidajen da 'yan kasuwa ke ginawa?

Mutum talatin ko arba'in ne, galibi abokan aiki ko 'yan sana'a ɗaya, za su yi rajistar ƙungiyar gama kai, su sayi fili babba guda ɗaya da sunan ƙungiyar, kowa ya samu ƙaramin gida a ciki. Rijiya da tanki da hanya da magudanar ruwa da masallaci na kowa da kowa ne. Ɗan kasuwa yana gini ne ya sayar ya kama gabansa, ribarsa tana cikin farashin. A nan kuwa mazauna su ne masu fili, kuma akwai ƙa'idar da ta hana mutum ya sayar da gidansa a kan duk kuɗin da ya ga dama.

A Amurka tsarin ya fi yin suna. A garin Eugene na jihar Oregon, ƙungiyar SquareOne Villages ta gina Emerald Village mai gidaje 22, kowanne tsakanin murabba'in mita 15 zuwa 27, mazauna suna riƙe da hannun jari a ƙungiyar da ke tafiyar da wurin. A gefen birnin Austin na jihar Texas akwai Community First! Village, wadda Alan Graham da ƙungiyarsa suka buɗe a 2015 a kan eka 27 domin mutanen da suka daɗe suna kwana a titi. Waɗannan gidaje na mutum ɗaya ne ko biyu, ba za su ɗauki magidanci da iyalinsa ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne yadda suka tsara mallakar fili da kayan tarayya, ba girman ɗakin ba.

To ƙanƙantar gidan ce ke kawo sauƙin kuɗin?

Kaɗan take kawowa. Hasali ma idan aka raba kuɗin gini da faɗin gida, ƙaramin gida ya fi babba tsada a kowane murabba'in mita, domin banɗaki da kicin da ƙofar waje kuɗinsu ɗaya ne ko gidan ɗaki biyu ne ko shida.

Babban sauƙin yana wurin fili. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 da ƙafa 100, kusan murabba'in mita 465 ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A cire kashi 30 cikin 100 na hanyoyi da magudanan ruwa, saura 7,000, wato fuloti 15 ke nan. Idan aka yanka mita 10 da mita 15, za a samu 46. A ware shida domin masallaci da shaguna da gindin tanki da wurin wasan yara, gidaje 40 sun fito. Kuɗin filin da mutum 15 za su raba, yanzu mutum 40 ne za su raba shi.

Sai kuma rijiyar burtsatse ɗaya maimakon kowa ya haƙa tasa, safiyo ɗaya, zanen gini ɗaya da aka biya sau ɗaya, sayen siminti da kwanon rufi a sari, da buga bulon ƙasa a wurin.

Murabba'in mita 150 zai ishi iyali? Ina tsakar gida, ina zaure?

Zai isa idan an zana shi domin zaman Bahaushe. Ginin farko: ɗaki biyu masu mita 3 da 3.6, kicin mita 2 da 2.4, banɗaki mita 1.2 da 2.4, da 'yar baranda. Da kaurin bango duka ba za su wuce murabba'in mita 45 ba. A ƙara ƙaramin zaure mai mita 2.4 da 3 a bakin ƙofa, inda baƙo namiji zai tsaya. Abin da ya rage ya haura murabba'in mita 90, ya ishi tsakar gida da wurin ƙarin ɗaki biyu nan gaba.

Wurin ƙarin nan dole a nuna shi a zanen tun farko, a kuma rubuta a dokar ƙungiya cewa nan kaɗai za a yi ƙari. In ba haka ba, cikin shekara biyar kowa zai cike tsakar gidansa da ɗakuna, iska ta daina ratsawa, ruwan rufin wani ya riƙa zuba a bangon wani.

Maganar sirri ba ta wasa ba ce idan gidaje sun matsu. Katanga ta kai mita 2.1, kada tagar wani ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, kada ƙofofin gidajen da ke fuskantar juna su yi daidai da juna. Mai mata biyu hannun jari biyu zai saya, wato fuloti biyu a jere. Inda fili ya yi tsada sosai ana iya hawa sama: a Yamai, rukunin Niamey 2000 da Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka kammala a 2016 gidaje shida ne masu hawa biyu, da bulon ƙasa aka gina su, kowanne da wuraren zamansa na waje da ba a hango su daga titi.

Ta yaya za mu zaɓi fili?

Ku je ganinsa a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Filin da ya yi kyau a watan Janairu yana iya zama tafki da damina. Ku dubi bangon gidajen kusa ko akwai shatar da ruwa ya bari. Ku tambayi tsofaffin wurin ko tsohon kududdufi ne aka cike da shara, domin irin wannan ƙasa takan zauna a hankali ta tsaga gini. Ku guji baƙar laka mai dararrashewa da rani, irin wadda ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa: tana kumbura da damina ta motse da rani, harsashin da zai jure mata zai cinye duk rangwamen da aka samu a farashin filin. Ku nisanci ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki.

Sai nisa. Kowane mamba ya lissafa kuɗin motarsa da na 'yan makaranta na wata guda daga sabon wurin, ya ɗora a kan abin da zai riƙa biya. Idan jimlar ta haura hayar da yake biya yanzu, ba zai tare ba, ko ya tare ba zai daɗe ba. A shekarun 1940 mai zanen gine-gine Hassan Fathy ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor a Masar, ginin ƙasa mai kyau da har yau masana zane ke zuwa kallo, amma yawancin mutanen da aka gina dominsu suka ƙi komawa, saboda abincinsu yana tsohon wurin.

Waɗanne takardu ake buƙata?

A fara da rajistar ƙungiyar gama kai a ofishin da ke kula da su na jiha, da kundin doka a rubuce, da asusun banki mai sa hannun mutum uku. Kada a sayi fili da sunan shugaba ko ma'aji da niyyar a gyara daga baya. Idan ya rasu, a idon kotu filin na magadansa ne.

A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. A birni shi ke ba da takardar mallaka ta C of O, galibi ta shekara 99 ga gidan zama, kuma sayar da fili mai irin wannan takarda yana buƙatar amincewarsa. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma ba ta hana gwamnati rusa ginin awon igiya. Kafin a biya ko kwabo, a kai lambobin filin hukumar rajistar filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a bincika ko yana da mai shi ko yana cikin wani tsarin gwamnati. Idan gonar gado ce, duk magada su sa hannu, mata da maza.

Bayan haka sai amincewar hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna ko takwararsu a jiharku. A nan ake yawan cijewa, domin hukumomin suna da mafi ƙarancin faɗin fuloti da tazarar gini daga hanya. Mafita ita ce a gabatar da wurin a matsayin rukunin gidaje guda ɗaya a kan takarda ɗaya, ba ƙananan fulotai 40 ba, kuma a zauna da jami'ansu tun zanen yana na fensir. Babbar hanya ta kai mita 9, lunguna mita 6, yadda motar kashe gobara da ta kwasar masai za su shiga.

Ginin ƙasa ba koma baya ba ne? An ce araha ba ta ado.

Ba tubalin hannu ake nufi ba. Jar ƙasa ce ake tankaɗewa, a haɗa da siminti kaɗan, a matse ta a inji har ta fito da kusurwoyi a tsaye. Injin hannu na farko da ya yaɗu, CINVA-Ram, a Kolombiya aka ƙera shi a shekarun 1950. A Najeriya cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI tana ƙera irin waɗannan injuna, akwai kuma na kamfanin Hydraform na Afirka ta Kudu masu fitar da bulo mai shiga cikin juna.

Bulon yana cin siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na nauyinsa, ba ya buƙatar yashin da ake saye tifa-tifa, kuma idan an jera shi da kyau ba sai an yi masa filasta ba. Bango mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana ɗaki. Amma idan sai an yi dakon ƙasar daga nesa, ko birkilolin ba su taɓa aiki da shi ba kuma ba a koya musu ba, ribar takan tafi a banza. A irin wannan hali bulon siminti na kirki ya fi.

Yaya ake gane ƙasar da ta dace?

A kwashe ƙasar noma ta sama, santimita 30 zuwa 50, a ajiye gefe domin shuka. Ruɓaɓɓen ganye da saiwa suna hana siminti kamawa. Ƙasar da ke ƙarƙashi ake so, wadda kusan kashi biyu cikin uku nata yashi ne da 'yar tsakuwa, yumɓunta kuma bai wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Gwajin kwalba: a zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku na kwalba mai haske, a cika da ruwa, a sa ɗan gishiri, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, mai laushi ya biyo baya, yumɓu sai ya kwana. A auna kaurin kowanne da rula.

Gwajin akwati ya fi faɗin gaskiya. Kafinta ya yi akwatin katako mai tsawon santimita 60, faɗi 4, zurfi 4. A shafa mai a ciki, a cika da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bar ta kwana uku a rana ko bakwai a inuwa, sannan a tura ta gefe ɗaya a auna giɓin. Ƙasa da milimita 15, awo ɗaya na siminti ga 18 na ƙasa. Daga 15 zuwa 30, ɗaya ga 16. Daga 30 zuwa 45, ɗaya ga 14. Daga 45 zuwa 60, ɗaya ga 12. Abin da ya wuce haka yumɓu ya yi yawa, sai a ƙara yashi a sake gwadawa. A ɗebi samfur daga wurare da dama a filin, domin ƙasa takan canza cikin 'yan taku.

Ku ba mu matakan bugawa da adadin da gida ɗaya zai ci.

A busar da ƙasar, a farfasa, a tankaɗe da raga mai ido milimita 5 zuwa 10. A gauraya ta da siminti a bushe har launin ya zama ɗaya, a juya aƙalla sau uku. Sannan a yayyafa ruwa da butar ban ruwa, ba a kwarara da bokiti ba. Laimar da ake so irin ta tsakin dambu ce kafin a turara. A dunƙula a hannu a sake daga tsayin mita ɗaya: idan ta fashe gida huɗu zuwa bakwai ta yi, idan ta watse ta zama gari ruwa ya yi kaɗan, idan ta faɗi a dunƙule ya yi yawa.

Bulo mai santimita 29.5 da 14 da 9 yana da nauyin kilo 7 zuwa 8. A haɗin kashi 6 cikin 100, buhun siminti mai kilo 50 yana tafiya da kusan baro 10 shafaffu na ƙasa, ya ba da bulo kusan 110. Ku auna nauyin baronku sau ɗaya a sikeli, domin baro ya bambanta. Injin hannu yana fitar da 300 zuwa 500 a wuni, wato buhu guda zai ɗauki wajen awa biyu, alhali haɗin da ya sha ruwa bai kamata ya wuce awa ɗaya a ƙasa ba. Saboda haka rabin buhu ake kwaɓawa a lokaci guda. Leburan da ake biya da yawan bulo su ne suka fi karya wannan ƙa'ida, su kuma rage cika ma'aunin injin don ya yi saurin matsuwa. A sa mai duba aiki da ba a biyansa da ƙidaya.

Sabon bulo ba a shanya shi a rana. A jera shi, a lulluɓe da leda nan take, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na mako biyu, a bar shi ya cika kwana 28 kafin a ɗora. Da hunturu iska na shanye laimar cikin 'yan sa'o'i, bulon ya yi kyau a ido amma gefensa ya riƙa marmashewa da an goga yatsa. Daga kowane dubu a ɗauki biyar a jiƙa a ruwa kwana ɗaya. Wanda ya narke ko ya yi laushi, a ware duk bugun ranar. A kai wasu ɗakin gwaji na jami'a ko kwalejin fasaha, kada ƙarfinsu na jure nauyi ya gaza Newton 2 a kowane murabba'in milimita.

Bango mai kaurin santimita 14 yana cin bulo kusan 32 a murabba'in mita. Ginin farko da aka bayyana a sama yana da bangon da ya ɗan haura murabba'in mita 100 bayan an cire ƙofofi da tagogi, wato bulo 3,300, da na asara a ce 3,600: siminti buhu 33, ƙasa tan 27. Ban da katanga da zaure ke nan. Inji ɗaya zai yi kwana tara a kan gida guda, gidaje 40 kuwa kwana 360. Ana buƙatar inji uku ko huɗu, ko guda ɗaya mai aiki da mai ko lantarki. Ramin da za a kwashi ƙasa fiye da tan dubu kuma a san yadda za a yi da shi tun farko, ko a cike shi ko a kewaye, kada ya zama kududdufin da zai ci yara.

Me ke lalata irin wannan bango?

Ruwa, ta ƙasa da ta sama. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya ɗago santimita 30 zuwa 45 sama da ƙasar waje, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kansa kafin layin farko, abin da magina ke kira DPC. Idan aka tsallake wannan, damshi zai hau, layi biyu ko uku na ƙasa su yi farin gishiri su fara zubewa. Rufi ya zarce bango da aƙalla santimita 60. Indararo ya zubar a kan daɓen siminti mai gangara, ba a gindin bango ba. Ƙasan kowace taga a yi dakalin da ya ɗan fito waje, in ba haka ba ruwa zai tsaga hanya a jikin bangon.

Kwaɓin jera bulo a yi shi da ƙasar nan ɗaya, a ɗan ƙara siminti, kaurinsa santimita 1 zuwa 1.5. Kwaɓin yashi da siminti mai ƙarfi ya fi bulon tauri, ba sa motsi tare, sai tsaga ta bi layin. A jiƙa bulo kafin a ɗora. A zuba lintar da ta zagaye ginin gaba ɗaya da rodi huɗu masu milimita 10, a dasa ƙarafan ɗaure rufi a cikinta, domin guguwar farkon damina rufin da aka ɗaure da waya a jikin bulo take fara yayewa. Bangon gabas, inda ruwa ke bugowa, da cikin banɗaki su kaɗai ke buƙatar filasta. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara.

Wane rufi ya fi?

Kwano ya fi sauri da sauƙi, amma shi ne ke mayar da ɗaki tanda a watan Afrilu. A sa silin, a bar tazara tsakaninsa da kwano, a buɗe ƙofofin iska masu raga a ɓangarori biyu. Tsawon gidan ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, kowane ɗaki da taga biyu masu fuskantar juna.

Akwai kuma rufin baka na ƙasa zalla, ba azara ba kwano, wanda ƙungiyar La Voûte Nubienne ke koyarwa tun da Thomas Granier da Séri Youlou suka kafa ta a 2000 a Boromo ta Burkina Faso. Faɗin ɗakin ba ya wuce kusan mita 3.25, bangon da ke ɗauke da bakan kaurinsa santimita 60, ana shimfiɗa leda a sama a rufe ta da yaɓe. Yana da sanyi ƙwarai, amma kaurin bangon yana cin fili, yana son gyaran yaɓe kafin kowace damina, kuma sai maginin da ya koya a hannun gwani.

Ruwan sha fa?

Mutum 240 a kan lita 50 kowanne, lita 12,000 ke nan a rana. Famfon sola yana aiki sosai na kamar awa shida, don haka rijiyar ta iya ba da lita 2,000 a awa, tankuna kuma su ɗauki na wuni guda a kan ƙarfe mai tsayin mita 6. A yankin Kano da Zariya da Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, ruwa a tsagoginsa yake, rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya sai ɗaya ta yi ambaliya ɗaya ta ƙafe. A yi binciken ƙasa da na'ura kafin a kammala biyan kuɗin fili, a kuma gwada ƙarfin rijiyar a watan Maris ko Afrilu. Famfon da ya fi ƙarfin rijiya yana zuƙe ta ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. A sa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya ja baya.

Ruwan sama ƙari ne mai kyau. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 50 a inda ake samun milimita 800 a shekara zai tara kusan lita 32,000 bayan an cire asara. A zubar da na farko mai wanke ƙura.

Masai arba'in a hekta ɗaya ba zai gurɓata rijiyar ba?

Zai gurɓata idan ba a tsara ba. Rijiya ta kasance a ɓangaren tudu, aƙalla mita 30 daga kowace shadda, gindin ramin kuma ya tsaya mita biyu sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Rami biyu ƙanana sun fi ɗaya mai zurfi. Mutum ɗaya yana tara lita 40 zuwa 60 a shekara, don haka rami mai ɗaukar lita 1,000 zai yi wa mutum shida shekara biyu da rara. Idan ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan shekara biyu abin da ke ciki ya bushe ana iya kwashewa da shebur. Bututun iska mai inci 4 ya zarce rufi da rabin mita, a ɗaure masa raga a baki. Ruwan wanka da wanki ya bi nasa ramin mai tsakuwa. Shi ne ke cika shadda kafin lokacinta.

Wutar sola: ta tarayya ko kowa tasa?

Ƙwan fitila biyar, fanka biyu, talabijin da cajin waya suna cin kusan kilowat 1.2 na awa a rana. Faranti mai wat 350 zuwa 400 da batirin litiyam mai ɗaukar kilowat 2 na awa sun isa. Batirin ruwa ba a sauke shi ƙasa da rabi, zafi kuma yana gajarta ransa. Da hunturu a goge faranti duk mako.

Ta tarayya ga gidaje 40 tana buƙatar kusan kilowat 15, tana ƙasa da kilowat 100 da dokar hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ce daga nan ake neman cikakken izini. Matsalarta ba ta waya ba ce: mutum uku su jona dutsen guga da hita, kowa ya kwana a duhu. In za a yi, sai da mita mai kati da abin taƙaita lodi a kowane gida. Shawararmu a fara da ta famfo da fitilun hanya, kowa ya sa tasa a gida.

Ina kuɗin zai fito, musamman ga mai gudun kuɗin ruwa?

Fili da takardu da rijiya daga zubin mambobi za su fito, kafin a taɓa bashi. Ginin kuma ana iya yinsa rukuni-rukuni kamar yadda ake adashi, gida takwas ko goma a shekara, a fitar da masu shiga ta ƙuri'a a gaban kowa. Wanda ya tare ya ci gaba da zubi har na ƙarshe ya samu, kuma takardar hannun jarinsa tana hannun ƙungiya sai ya kammala. Kuɗin da aka tara kada ya kwana a asusu: a mayar da shi rodi da kwano da ƙofofi, ban da siminti, wanda ke daskarewa idan ya yi 'yan watanni a ajiye.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana iya neman rancen Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin 100. Mai gudun ruwa ya nemi bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ, ya tambayi murabaha, wato banki ya saya ya sayar masa da riba sananniya, ko ijara, wato haya. Kowannensu zai fara tambayar takardar fili.

Idan mutum yana son sayarwa, ko ya rasu?

A nan ne unguwar ke ci gaba da zama mai sauƙi ko ta koma kamar ko'ina. Mamba yana da gininsa da haƙƙin zama, filin na ƙungiya ne. Mai son fita ƙungiya zai fara yi wa tayi, ta ba na gaba a jerin masu jira. Wannan ba baƙon abu ba ne, fiƙihun Malikiyya ya san shufa'a, wato fifikon abokin tarayya a kan bare a dukiyar da ba a raba ba. A Burlington ta jihar Vermont, Champlain Housing Trust tana ba mai sayarwa abin da ya zuba da kashi 25 cikin 100 na ƙarin darajar gidan, sauran ya zauna domin mai shigowa. A inda kuɗi ke saurin faɗuwa, mayar wa mutum adadin nairar da ya zuba shekara takwas baya zalunci ne. A rubuta cewa mai ƙiyasi zai faɗi abin da gina irin gidan zai ci a yau, a cire tsufa, ban da darajar fili.

Gado yana tafiya yadda shari'a ta raba, amma a kan darajar hannun jarin, ba a tsaga fulotin ba. Magada su zaɓi mai zama ya biya sauran, ko ƙungiya ta saya. Matar mamaci da marayu a ba su wa'adi mai tsawo a rubuce. Haya kuma a taƙaita ta, in ba haka ba masu hali za su saye hannayen jari su zuba 'yan haya.

Me ke kawo rigima bayan an tare?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Kuɗin gyara ne kan gaba. Famfo da batir da tanki duk suna da ranar mutuwa, a raba kuɗin sabo da shekarun da ake sa ran zai yi, a riƙa karɓa duk wata a asusu na daban da ba a ranta wa kowa don biki ko suna. A karanta lissafi a taro duk wata uku. Sai awaki da tumaki, waɗanda ke cinye duk bishiyar da aka dasa: a yarda da adadi, a ɗaure a gida. Injin markaɗe da na walda a kai su layin shaguna. Darbejiya a dasa ta aƙalla mita 5 daga bango da shadda. Mata su samu kujeru a kwamitin ruwa da tsafta, domin su ne ke wuni a unguwar, su ke fara sanin famfon da ya lalace.

Da wane aiki za a fara, a wane wata?

Da damina a ga fili, a yi bincike, a bi takardu. Oktoba a gwada ƙasa, a koyar da masu bugu da birkiloli. Kafin a ɗora bulo ko ɗaya a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, da gangarar santimita ɗaya a kowace mita, domin tsayin hanya ne ke nuna tsayin harsashin kowane gida. Idan aka yi hanya daga baya takan fi gidajen tudu, ruwa ya riƙa shiga zaure. Rijiya ta riga bugun bulo, tunda bugun da kansa ruwa yake sha.

A shekarar farko gida biyu kacal za a gina, a rufe su kafin Mayu, a sa mutane a ciki su yi bazara da damina. Abin da ya bayyana, ko tagar da ke shigo da feshi, ko kicin da hayaƙi ba ya fita, ko ɗakin da gado da sif ba sa shiga tare, a gyara shi a zane. Rukunin farko na gida takwas ko goma ya fara bugun bulo a Oktoba mai zuwa, harsashi a Disamba, rufi kafin ƙarshen Afrilu.